Kifi Wawan Sarki: Yadda A Ke Haɗa Shi Aure A Gida

A cikin Bahar Maliya da Tekun Indiya, har zuwa gaɓar Ostareliya, akwai wani ɗan kifi mai ruwan goro da ratsi fari. Sunan da Turawa suka ba shi ma'anarsa wawan sarki, saboda adonsa. Mazauninsa kuwa tsakanin yatsun wata halitta mai kama da fure, wadda ke harbin sauran kifaye, amma shi yauƙin jikinsa ya kan tsare shi.

Abin da mu ke so malamai su lura da shi, shi ne wannan. Duk kifin nan da halin maza ya ke tasowa. A kowane gida wanda ya fi girma shi ke zama mace, mai bi masa ya zama mijinta, sauran su zauna ba aure. In macen ta mutu, sai mijin ya rikiɗe ya gaje ta. Wani masani Bajamushe, Hans Fricke, ya bayyana haka a 1977, bayan ya yi bincike a Bahar Maliya.

To, mai son kiwonsu a akwatin gilashi kada ya wahal da kansa neman mace da namiji. Ya sayi ƙanana biyu, ɗaya ya ɗara ɗaya. Da fari babban zai yi ta korar ƙaramin, har ƙaramin ya karkata jiki yana makyarkyata, watau ya yi mubaya'a ke nan. Amma wanda ya haɗa manya biyu da suka riga suka zama mata ya yi hasarar kuɗinsa, gama macen ba ta komawa namiji, faɗa za su yi har ɗaya ta halaka.

Ruwan ya zama na gishiri, kamar giram 35 a lita, zafinsa wajen digiri 26. A ajiye musu kasko mai tsabta. Sa'an nan sai haƙuri, domin a kan shekara, ko fiye, ba a ga ƙwai ba. In lokaci ya yi, macen ta kan manna ɗaruruwan ƙwai a jikin kaskon. Namijin ke jiyya, yana yi musu fifita, yana tsince waɗanda suka lalace, har su ƙyanƙyashe da dare bayan kamar kwana takwas.

Nan ne aiki ya ke. Tilas a kwashe 'ya'yan zuwa wani akwati, a ba su ƙwayoyin halittun ruwa masu rai waɗanda ido bai cika gani ba. Wanda bai tanade su tun da wuri ba, yunwa za ta gama da 'ya'yan cikin 'yan kwanaki.

Muna ganin wahalar nan ta cancanta. Duk kifin da aka ƙyanƙyashe a gida ya fanshi ɗan'uwansa da masunta za su raba da mazauninsa a teku.