Rumbunan bincike na intanet: inda ɗaliban Libreville za su samo hujja

A Jami'ar Omar Bongo da ke Libreville, wadda aka kafa a 1970, ɗalibin da ya kai matakin digiri na biyu sai ya rubuta kundin bincike ya kuma kāre shi a gaban malamai. Abin da malaman ke fara dubawa shi ne inda ya samo hujjojinsa. Littattafan ilimi da ake shigowa da su daga Faransa suna da tsada, sababbin binciken masana kuma a mujallu suke fara fitowa. Nan ne rumbunan bincike na intanet suke da amfani.

Rumbun bincike ya bambanta da Google. Ma'ajiya ce ta maƙalu da kundaye, kowanne da sunan marubuci, shekara da mujallar da ta buga shi. Wasu sai jami'a ta biya kuɗin shiga, amma da yawa kyauta ne. HAL, da cibiyar CNRS ta Faransa ta buɗe a 2001, masana ne da kansu ke ajiye ayyukansu a cikinsa. Persée na ɗauke da tsofaffin mujallun tarihi da zamantakewa. Cairn.info kuwa wani sashensa na kuɗi ne. AJOL, da aka fara a 1998, ya tattara mujallun Afirka, ciki har da na Nijeriya masu yawa. Ƙungiyar AUF ma tana da cibiyar intanet a Libreville da ɗalibai ke zuwa.

Ga 'ya'yan Hausawa, ko na Libreville ko waɗanda suka taso daga Oyem da Bitam, akwai tarko guda: harshe. Wanda ya rubuta "Haoussa" zai fi samun ayyukan da aka yi da Faransanci, musamman kan Nijar da Kamaru. Binciken Kano, Zariya da Sakkwato yana ƙarƙashin "Hausa", da Turanci. Wanda ya tsaya kan rubutu ɗaya ya bar rabin abin a baya.

Shi ya sa tambayar ma'aikacin ɗakin karatu take da riba: shi ya san rumbunan da jami'a ke da izinin shiga, da yadda ake ambaton madogara don kada a zargi ɗalibi da satar fasaha.