Kare da ɓarin shanu

Makiyaya, ku saurara da kyau. Akwai ƙwayar cuta wadda ido ba ya gani, sunanta Niyosfora. Tana sa saniya ɓari, galibi da cikin wata 5 zuwa 7.

Ga yadda take yawo: kare ya ci mabiyiya, ƙwayar ta fita cikin kashinshi, ta faɗa ciyawa ko ruwa, saniya ta haɗiye. A shekara ta 2004 masana sunka tabbatar karen dajin Amurka, koyot, shi ma haka yake bazata.

Cutar ga ba ta da magani ga shanu. In saniya ta yi ɓari, ku gina rami mai zurfi ku bizne duka. Ku tsare harawa da dusa daga karnuka. Ku shaida ma likitan dabbobi.