Roni: Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba

A daminar bara na je ta'aziyya wani ƙauye a ƙaramar hukumar Roni. Daga Kano zuwa Kazaure motarmu ba ta bar kan kwalta ba, haka nan daga Kazaure zuwa garin Roni. Wahala ta fara ne inda kwalta ta ƙare. Na hau acaɓa, muka tarar rafi ya kawo, muka zauna gindin wata bishiya tare da mata masu tallar nono muna jiran ruwa ya janye. 'Yar tafiyar nan ta ƙarshe ta ci min lokaci fiye da duk wadda na yi daga Kano. A zaman jiran ne na tambayi kaina: shin mutum nawa ne ke bayan wannan rafi, kuma wa ya san adadinsu?

Ƙidayar 2006 ta ba Roni mutum sama da 77,000, a mazaɓu 11 da suka haɗa da Amaryawa, Dansure, Gora, Zugai da Yanzaki. Tun daga wancan lokaci ba a sake ƙidaya a Nijeriya ba, domin wadda aka shirya yi a 2023 ɗage ta aka yi. Jariran da aka ƙirga a goye yau magidanta ne masu jefa ƙuri'a. Amma yawan jama'a na cikin ma'aunan rabon arzikin ƙasa, kuma da shi ake lissafin azuzuwa da gadajen asibiti da hanyar da ta cancanci kwalta. Wanda aka auna masa riga yana ɗan yaye, ba zai sa ta ranar aurensa ba.

Ga kuma yanayin wurin. Roni na cikin masarautar Kazaure tare da Kazaure da Gwiwa da Yankwashi, a kusurwar arewa maso yammacin Jigawa. Tun da aka ƙirƙiro jihar a 1991, mafi yawan masu zuwa Dutse daga wannan yanki sai sun ratsa ta jihar Kano. Ke nan mutumin ƙauyen Roni nesa biyu ke kansa: nesa da babban birnin jiharsa, nesa da titin da zai kai shi can.

To, yanzu hankalin kowa ya koma kan layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, mai tsawon kilomita kusan 284, ta Dambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Babu shakka alheri ne babba. Sai dai jirgi a tasha yake tsayawa, ba ya bin gona. Manomin da ya noma gero ko gyaɗa a bayan rafi, in dai a kan babur zai fito da buhunsa ɗaya bayan ɗaya, kuɗin dako zai cinye ribar kafin ya hangi tashar Kazaure, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023. Mai naƙuda kuwa ba jirgi take jira ba, kwalbati take jira.

Shawarata ga 'yan bokon wannan yanki, mu da muke zaune a Kano da Dutse da Abuja, ita ce mu daina jiran ƙidayar ƙasa. Masu unguwanni da dagatai sun san gidajensu, ma'aikatan rigakafi kuma sun taka kowane lungu. A haɗa abin da ke hannunsu, a fitar da jerin ƙauyukan da damina ke yankewa da yawan mutanen kowanne, a miƙa wa ƙaramar hukuma da wakilanmu a majalisar jiha kafin a rubuta kasafin kuɗi. Koken da ya zo da lissafi ya fi wuyar turewa.

Allah Ya sa mu ga ranar da jirgi zai tsaya a Kazaure, kuma mutanen bayan rafi su iske shi.