Galabaita da Gundura ga Mai Gudun Fanfalaki na Sha'awa

Gabatarwa

Gudun fanfalaki tsere ne na kilomita 42 da mita 195, tsawon da aka fara amfani da shi a wasannin Olamfik na Landan a 1908, aka tabbatar da shi a 1921. Galibin masu shiga irin wannan tsere, kamar wanda ake yi a Legas tun 2016, ba sana'arsu ba ce. Ma'aikata ne da ɗalibai da 'yan kasuwa masu yi don sha'awa. Wannan maƙala za ta dubi wata matsala da kan raba irin waɗannan mutane da gudu baki ɗaya, watau galabaitar jiki da gundurar zuciya, da kuma yadda ake magance ta.

Ma'anar Matsalar

Gajiyar yau da kullum barci da abinci kan kawar da ita. Wadda ake nufi a nan kuwa ita ce wadda hutun kwana biyu ko uku ba ya taɓa ta. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Herbert Freudenberger, shi ya fito da ita fili a 1974, bayan ya lura da ita a jikin masu aikin sa kai a wani ɗakin shan magani na kyauta a birnin New York. A 1997 Thomas Raedeke ya bayyana siffofinta uku ga 'yan wasa: ƙarewar ƙarfi, da ganin cewa ba a cin nasarar komai, da kuma fitar wasan daga rai.

Musabbabinta

Abin da mai gudu yakan manta shi ne, jiki ba ya ƙara ƙarfi a lokacin gudu, sai a lokacin hutu. Gudu mai tsawo yakan yi wa tsoka ƙananan raunuka, ya kuma ƙone sukarin da jiki ya adana a tsoka da hanta. Mayar da wannan ajiya kan ɗauki kwana guda ko fiye, in an ci abinci isasshe. Idan aka sake ɗora wa jiki nauyi kafin ya gama gyara, sai rauni ya hau kan rauni.

A nan ne mai gudun sha'awa ya fi ƙwararre shiga haɗari. Ƙwararre in ya dawo daga fili sai ya ci ya kwanta. Shi kuwa wannan, ya yi sammako ya yi gudu, ya wuni wurin aiki ko aji, ya dawo ya tarar da hidimar gida, ga ƙarancin barci, ga zafin rana. Jiki ba ya rarrabe wahalar fili da ta ofis, duka a buhu ɗaya yake tara su. Daɗin daɗawa, da ya ga saurinsa ya ragu sai ya zaci lalaci ne, ya ƙara gudu, ciwon ya ƙaru.

Alamominta

Alamomin sun haɗa da nauyin ƙafafu, da ƙaurace wa barci duk da gajiya, da rashin sha'awar abinci, da yawan mura, da saurin fushi. Bugun zuciya na farkawa da safe yakan canza daga yadda aka saba. Mace kuma al'adarta tana iya ɗaukewa. Babbar alama ita ce mutum ya wayi gari yana jin faɗuwar gaba in ya tuna fili.

Hanyoyin Magani

Matakin farko shi ne ganin likita, domin ƙarancin jini da zazzaɓin cizon sauro suna iya kama da wannan matsala. In an kawar da su, sai hutu. Wanda ya farga da wuri mako ɗaya ko biyu kan ishe shi, wanda ya yi taurin kai kuwa yana iya shafe watanni.

Na biyu shi ne gyara tsarin horo. Bill Bowerman, wanda ya taɓa horar da 'yan tsere a Jami'ar Oregon, ya shahara da ƙa'idar bin ranar wahala da ranar sauƙi. Binciken Stephen Seiler kuma ya nuna cewa zakarun duniya kan yi wajen kashi 80 cikin 100 na horonsu a hankali, da saurin da mutum zai iya hira yana gudu. Abin da zakara bai ɗora wa kansa ba, bai kamata ma'aikaci ya ɗauka ba.

Na uku ya shafi zuciya. Ya kyautu mai gudu ya ajiye agogo na ɗan lokaci, ya daina auna kansa da wasu, ya sauya hanya, ko ya koma keke da ninƙaya da tattaki tare da abokai har marmari ya dawo. In kuwa baƙin ciki ya zarce fili ya mamaye sauran al'amuransa, to, sai a nemi likitan ƙwaƙwalwa.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa hutu wani ɓangare ne na horo, kamar yadda gudun kansa yake. Gaskiya ne kowa ya ci zomo ya ci gudu, amma mai gudun sha'awa ba lambar tsere ɗaya yake nema ba, lafiyar shekaru yake nema. Don haka ya fi masa alheri ya rasa tseren bana da ya bar gudu har abada.