Hannun Yaro Ya Kan Riga Bakinsa

Duk mai goyo ta san wannan wahala. Yaro ɗan wata goma ya na ta kuka, a ba shi mama ya ƙi, a goya shi ya ƙi, ashe ruwa ya ke so. Ya san abin da ya ke nema sarai, harshensa ne bai nuna ba tukuna. Yawancin yara ba su furta kalma sai sun kai wajen shekara guda. Amma tun kafin nan sun iya tafi, sun iya miƙa hannu a ɗauke su.

A Amurka waɗansu mata biyu, malaman jami'a a Kalifoniya, Linda Acredolo da Susan Goodwyn, sun yi shekaru su na binciken wannan abu. A 1996 suka buga littafi a kan koya wa jarirai magana da alama.

Yinsa ba wuya. A fara sa'ad da yaro ya kai wata shida ko bakwai, da alama biyu ko uku tak. Ta mama, a dunƙule hannu a buɗe, kamar mai tatsar saniya. Ta abinci, a haɗa yatsu a kai baki. A yi alamar daidai lokacin da a ke ba shi abin, ya na kallo, a kuma faɗi kalmar da baki. Kada a bar faɗin. Uwa da uba da kaka da yarinya mai raino, kowa ya riƙe alama iri ɗaya, in ba haka ba yaro ya rikice. Ya kan yi makonni bai amsa ba. Ran da ya amsa, alamar za ta fito a karkace. A karɓa haka nan, a ba shi abin da ya roƙa.

Masu sayar da littattafai sun ce wai wannan ya kan sa yaro ya riga tsaransa magana. Mu dai ba mu ce ba. A Ingila, a Jami'ar Hertfordshire, an bi jarirai 40, aka buga sakamako a 2013. Waɗanda aka koya wa alama ba su riga sauran magana ba, ba su kuma makara ba. Sai dai an ga uwayensu sun fi lura da motsin 'ya'yansu. Wannan ma riba ce, ba ta kuwa cin ko kwabo.

Ga yaron da ba ya ji, zancen ya wuce haka. Sanƙarau da ƙyanda su kan kashe kunne, wani kuma da kurmancin a ke haihuwarsa. In an buga abu da ƙarfi jariri bai firgita ba, ko ya kai wata tara a na kiransa ba ya waiwayowa, lalle a kai shi asibiti a duba kunnensa. Kada a zauna jiran ya girma. Yaron da ya yi shekarunsa na fari ba shi da harshe ko ɗaya, na baki ko na hannu, koyo ya kan yi masa wuya daga baya.

Ba sai mun je Amurka aro ba. Kurame a Kano su na da harshensu, maganar hannu, wanda su ke koyo a wurin juna. Wata Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta rubuta littafi a kansa a 2000. Akwai kuma makarantar kurame a Tudun Maliki. Tun kafin yaro ya isa makaranta, a nemi babban kurma a unguwa, a roƙe shi ya riƙa zuwa gida ya na koya wa yaron da mutanen gidan duka.