Horon Ma'aikatan Sashen Ayyuka: Wa Ya Kamata A Fara Koya Wa?

Babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta bi ta Boɗinga da Shagari zuwa Tambuwal da Jega ta Gwamnatin Tarayya ce. Amma manomin Kajiji ko Lambara ko Dandin Mahe, kafin gero da albasarsa su kai bakin kwalta sai sun bi ƙananan hanyoyi na cikin ƙauye. Yawancin waɗannan, da kwalbatocinsu, da lambatu, da rumfunan kasuwa, da mahauta, da tashar mota, aikin ƙaramar hukuma ne. Haka tsarin mulki na 1999 ya rubuta. Masu yinsu kuwa su ne ma'aikatan sashen ayyuka: leburori, birkiloli, kafintoci, direbobi, makanikai, da helumomi da obasiyoyi masu duba su.

Mu da muke yawo ƙauye-ƙauye a kan aikin gona, muna ganin sakamakon aikinsu kowace damina. Kwalbati ɗaya in ya rushe a watan Agusta, taki ba zai shiga ba, mai naƙuda kuma sai a amalanke. Shi ya sa horon waɗannan mutane ya shafe mu.

Horon ma'aikatan hukuma ba sabon abu ba ne a Arewa. Tun zamanin En'e ana aika malaman ofis da ma'aji zuwa makarantar koyon aikin mulki da ke Kongo a Zariya, wadda ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A 1976 aka yi gyaran ƙananan hukumomi a ƙasa baki ɗaya, aka kafa guda 301. Boɗinga da Yabo suna cikinsu. Shagari daga baya ne aka yanke ta daga Yabo. Bayan gyaran sai aka ɗora wa jami'o'i uku, wato Zariya da Ife da Nsukka, nauyin horar da ma'aikatan ƙananan hukumomi. An kuma daɗe da tsarin ware kashi 1 cikin 100 na kuɗin da ake ba ƙananan hukumomi domin horo, a hannun hukumar kula da ma'aikatansu ta jiha. Mu tuna kuma ɗan wannan gari, Alhaji Shehu Shagari, malamin makaranta ne tun farko, ya kuma riƙe Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya daga 1965 zuwa juyin mulkin 1966.

To, kuɗin horo akwai, makarantu akwai. Matsalar ita ce wa yake zuwa. Irin wannan horo ya fi karkata ga masu riƙe biro. A tara manya a babban birni kwana uku, a yi lacca, a raba takardar shaida. Ba mu ce wannan ba shi da amfani ba. Amma wanda zai kwaɓa siminti ranar Litinin ba ya cikin ɗakin.

Bari mu duba abin da heluma ya kamata ya sani, don a ga ba abu ne mai tsada ba.

Kankare na kwalbati ana haɗa shi da awo: siminti kashi 1, yashi kashi 2, tsakuwa kashi 4. Da yake buhun siminti yana cika kwanon sarki biyu, buhu ɗaya ke nan da kwano 4 na yashi da kwano 8 na tsakuwa. Yashin ya zama mai tsabta, ba mai laka ba. Ruwa kuma kada ya yi yawa. Lebura yana son kwaɓi mai ruwa-ruwa don ya fi sauƙin zubawa, amma yawan ruwa yana rage ƙarfin kankare. Abin da aka fi mantawa shi ne shayarwa. Mutane suna zaton kankare bushewa yake yi ya yi ƙarfi. Ba haka ba ne. Siminti da ruwa ne suke haɗuwa a hankali su zama dutse, don haka dole a riƙa jiƙa shi aƙalla kwana 7, a rufe da buhuna ko yashi mai laima. A zafin bazarar ƙasar Sakkwato, kankaren da aka bari a rana ba ruwa yakan tsattsage tun kafin mota ta taka shi. In ya karye da damina sai a ce an saci siminti. Wani lokaci an sata ɗin. Wani lokaci kuwa siminti ya cika, ruwan shayarwa ne ba a kawo ba, don ba wanda ya gaya wa heluma dalilinsa.

Hanyar burji ma haka. Babban abokin gabanta ruwa ne mai kwanciya. Dole tsakiyarta ta yi tudu kamar bayan kunkuru, ta gangara wajen santimita 5 a kowace mita zuwa gefe, ruwa ya sauka cikin lambatu ya wuce. Marmarar da za a zuba kuma a daɓe ta da ɗan laima. Gwajin yana da sauƙi: a dunƙula ta a hannu, in ta tsaya dunƙule ba ta ɗiga ruwa ba, ta yi daidai. Da igiya da turaku da ma'aunin birkila za a koya wa mutum wannan cikin mako guda. A ƙasar Kenya, daga 1974, da leburori da diga da shebur aka gina dubban kilomitoci na hanyoyin karkara, aka kuma ba kowane mutum ɗan yankinsa ya riƙa gyarawa kusa da gidansa. Abin da suka fi sa ƙarfi a kai shi ne horar da masu duba aiki.

Ga kuma famfon tuƙa-tuƙa. Sau da yawa wanda aka ce ya mutu, roba ce kawai ta cinye a ciki, rijiyar lafiya lau. Irin su Afridev da India Mark III an ƙera su ne musamman don makanikin ƙauye ya iya zaro kayan ciki ya sauya ba tare da babbar mota ba. In sashen ayyuka yana da makanikai biyu da suka iya, da akwatin kayan gyara, ƙauyuka da yawa ba za su koma tafki ba. Mai shiga rijiya don yasa kuma a koya masa ya fara zura fitila mai wuta. In ta mutu a ƙasa, iskar ba ta da kyau, kada kowa ya shiga.

A ganinmu horon ya kamata a yi shi a bakin aiki, da Hausa, da rani, a kan kwalbatin da dama ana bukatar ginawa. A fara da helumomi da obasiyoyi, domin mutum ɗaya yana duba goma ko fiye. Birkiloli da makanikai kuma a taimake su su zauna jarrabawar sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, mai mataki na 3 da na 2 da na 1, don ƙwarewarsu ta shiga takarda, ta taimake su wajen ƙarin girma.

A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Wannan ya ƙara wa jama'a hujjar yin tambaya. Ƙungiyoyin manoma da kwamitocin ruwa na Shagari da Boɗinga su sami kansilansu kafin a tsara kasafin kuɗin shekara, su tambaye shi ma'aikata nawa na sashen ayyuka aka horar bara, nawa ne a cikinsu masu aikin hannu, kuma wane kwalbati za a koyi aiki a kansa kafin ruwan Yuni ya sauka.