Tuƙi Cikin Maye: Abin Da Doka Ta Tanada Da Yadda Lauyoyi Kan Kare Direba

Duk wanda ya saba bin hanyar Legas zuwa Ibadan da tsakar dare, ko ya kwana a tashar manyan motoci, ya san irin kwalaben da ake tallarsu a bakin tasha da sunan maganin basur ko ciwon baya. Direbobi da yawa kan kora ɗaya kafin su kama sitiyari, wai don barci ya gudu. To, amma ba duka suka san abin da ke jiransu gaban alƙali ba in aka kama su.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988 ƙarƙashin shugabancin Farfesa Wole Soyinka, ita ce kan gaba wajen wannan aiki. Dokarta ta 2007 ta yanka wa mai tuƙi cikin mayen giya ko ƙwaya tarar Naira 5,000, ko ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba, ko duka biyun. In kuwa tuƙin ganganci ya jawo hasarar rai, ɗaurin kan iya kai shekara 7. Jihar Legas ta yi tata dokar hanya a 2012, ta kuma sabunta ta a 2018. A jihohin Arewa da suka soma aiki da shari'ar Musulunci daga shekarar 2000, shan giyar kansa laifi ne ga Musulmi, ko da bai taɓa mota ba.

Duk da haka, kamu daban, hukunci daban. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗauki wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai an tabbatar da laifinsa, ya kuma ba shi damar kare kansa ko ɗaukar lauyan da yake so. Dokar Shaida ta 2011 kuwa ta ɗora wa mai gabatar da ƙara nauyin kawo hujjar da ba ta bar wani kokwanto mai ma'ana ba. Nan lauyoyi kan kafa ƙafa.

Abin da lauya kan fara bincika shi ne na'urar gwajin numfashi, wadda wani Ba'amurke, Robert Borkenstein, ya ƙirƙiro a 1954, Ingila kuma ta shigar da ita cikin dokarta a 1967. Na'urar na bukatar a riƙa daidaita ta lokaci lokaci, mai aiki da ita kuma ya zama ya sami horo. Bugu da ƙari, ƙa'idar gwajin ita ce a dakata kamar minti 15 zuwa 20, domin ragowar barasa a baki, ko ta maganin kuskure baki, tana iya sa alƙaluma su haura. In aka tsallake ɗaya daga cikin waɗannan, lauya zai roƙi kotu kada ta dogara ga sakamakon.

Na biyu shi ne lokaci. Barasa takan ɗauki rabin awa zuwa awa ɗaya da rabi kafin ta kai ƙololuwa a jini, saboda haka gwajin da aka yi a caji ofis bayan awa biyu ba lalle ya nuna halin direba sa'ad da yake kan hanya ba. Na uku kuwa rashin lafiya ne. Mai ciwon sukari, in sukarinsa ya faɗi, yakan yi layi, harshensa ya yi nauyi, har a zaci bugagge ne, kuma takardar likita na iya warware wannan. Haka kuma kotu kan yi watsi da amsa laifin da aka samo ta hanyar duka ko barazana.

Akwai hujja guda da ba ta fisshe kowa, wato direba ya ce giya ce ta ɗauke masa hankali. Sashe na 29 na Kundin Laifuffuka na Kudu da sashe na 52 na Final Kod na Arewa sun fi ba da rangwame ga wanda aka ɗura wa abin maye ba da saninsa ba ko ba da yardarsa ba. Wanda ya sha da hannunsa ya ɗauki alhakin abin da ya biyo baya.

Inda hujja ta yi ƙarfi, lauya mai gaskiya kan shawarci direba ya amsa laifi ya nemi sassauci, musamman in karon farko ne kuma yana da iyali. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 ta ba da damar sasantawa da masu gabatar da ƙara. Marar hali kuma yana iya neman taimakon Hukumar Agajin Shari'a da aka kafa a 1976.

Sai dai ko lauya ya ci nasara, ba zai dawo da fasinjan da ya mutu ba, ba kuma zai hana iyalansa kai ƙarar neman diyya ba. Mai mota ma da wuya ya sake miƙa makullin tirelarsa ga wanda aka taɓa gurfanarwa kan maye. Direban da barci ya kama, gara ya faka ya rintsa da ya nemi kwalba. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.